Wai ALT da AST ɗin nan, mene ne aikinsu a jiki kafin su fito a takardar gwaji?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masanan cikinmu. A 'yan shekarun nan duk wanda ya je gwajin hanta sai ka ji yana cewa ALT ɗinsa ya hau ko AST ɗinsa ya sauka, har masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa sun fara cewa nasu yana wanke ALT daga jini. Shi ALT ɗin nan dafi ne da ciwo yake zubawa a jini, ko ƙwayar cuta ce, ko kuwa abu ne da Allah ya halicce mu da shi? In da shi aka halicce mu, me yake yi? Don Allah a yi mana bayani yadda kowa zai gane.

DanPantami:
Wa alaikumus salam. Ni dai a sanina datti ne da hanta take kasa tacewa, shi ya sa yake taruwa.

Sadiya_GSU:
Wa alaikumus salam Baba. Yaya DanPantami ka yi haƙuri, ba datti ba ne ko kaɗan. ALT da AST enzayim ne, wato furotin da jiki da kansa yake ƙerawa don ya hanzarta wani aiki na sinadarai. Kowane mai lafiya yana da su, kuma da babu su da ba a rayu ba.

Furotin ɗin da muke ci a wake, nama, ƙwai da nono, hanji yana farfasa shi zuwa amino asid, iri 20 ne ake gina furotin ɗin jikinmu da su. Kowane amino asid yana ɗauke da wani ɗan rukuni mai naitirojin da ake kira rukunin amino, sauran gangar jikinsa kuma galibi kabon ne. Jiki ba shi da wajen ajiyar rarar amino asid yadda yake ajiye kitse. In sun yi yawa sai ya ƙone gangar don samun ƙarfi ko ya mai da ita sukari, amma dole a fara cire rukunin amino tukuna. ALT yana cire shi daga kan alanin ya ɗora wa wani sinadari mai suna alfa-ketogulutaret. Alanin ɗin da aka cire wa sai ya koma firubet, shi kuma wanda aka ɗora wa ya zama gulutamet. AST ma haka yake yi, sai dai shi da asfatet yake aiki, abin da ya rage ya zama oksaloasitet.

Ummu_Khalifa:
Sadiya ƙanwata sunayen nan sun yi mana yawa. Ki taƙaita mana a magana ɗaya.

Sadiya_GSU:
To Anti: suna ɗauke naitirojin daga kan wani su ɗora wa wani. Shi ke nan aikinsu, kuma a cikin ƙwayoyin halitta suke yin sa, ba a cikin jini ba.

Dan_Lab:
Wannan magana ta ƙarshe da Sadiya ta yi ita ce amsar Baban_Walida. Gidan ALT cikin ƙwayoyin hanta ne, a can yake da yawa sosai. Wanda muke aunawa a jini ɗan kaɗan ne da ya fito. In wani abu ya ji wa ƙwayoyin hanta rauni, bangonsu ya lalace, sai abin da ke ciki ya zubo cikin jini, lambar ta hau. Shi ALT ɗin da ya zubo ba ya cutar da kowa. Abin da ya fasa ƙwayoyin shi ne abin nema. Kuma ko ba ka sha komai ba jiki yana share shi da kansa: rabin ALT ɗin da ke jini yana ɓacewa cikin kusan awa 47, na AST cikin kusan awa 17. Saboda haka mai cewa maganinsa yana wanke ALT, aikin da jiki yake yi kyauta yake sayar maka.

DanPantami:
To in jiki yana share shi me ya sa na wasu yake daɗewa a sama wata da watanni?

Dan_Lab:
Domin ana ci gaba da fasa sababbin ƙwayoyi kullum. Abin da ke fita ana mai da gurbinsa.

MalamBuba_Kumo:
Madalla da Sadiya, Allah ya ƙara basira. Na koyar da ilimin halittu a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan darasi yana cikin waɗanda nake so. Wasu masana biyu a Mosko, Alexander Braunstein da Maria Kritzmann, su ne suka gano wannan musayar rukunin amino a 1937, suna aiki da tsokar ƙirjin tattabara. Ku lura, tsoka ce, ba hanta ba. Kusan shekara ashirin bayan haka, wajen 1954 zuwa 1955, wasu likitoci a Amurka, Karmen da Wroblewski da LaDue, suka nuna cewa AST yana hawa a jinin wanda ya samu bugun zuciya. Ke nan ciwon zuciya aka fara nema da shi. Tsofaffin takardu za ku ga an rubuta SGOT da SGPT, su ne AST da ALT ɗin nan, suna kawai aka sauya.

Manomin_Dadinkowa:
Ni tambayata daban ce. Naitirojin ɗin da aka ɗora wa wancan, ina yake ƙarewa? Ai ba a nan zai zauna ba. Mu manoma naitirojin kuɗi muke sa wa mu saya.

Sadiya_GSU:
Baba Manomi ka taɓo inda ya fi daɗi. Yawancin amino asid suna miƙa nasu rukunin ga alfa-ketogulutaret, don haka naitirojin ɗin yana taruwa a kan gulutamet. A cikin hanta akwai wani enzayim ɗin dabam, gulutamet dihaidirojines, wanda yake sakin sa a matsayin amoniya. Amoniya kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwa, shi ya sa nan take hanta take mai da ita yuriya, jini ya kai ƙoda, ta fita a fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka bayyana zagayen yuriya a 1932. Kowace ƙwayar yuriya naitirojin biyu gare ta, ɗaya daga amoniya, ɗayan daga asfatet, kuma AST ne yake samar da asfatet ɗin. Ka ga shi yana aiki ta ɗaya fuskar ke nan.

Manomin_Dadinkowa:
Tsaya. Yuriya dai ta buhu wadda muke zuba wa masara da shinkafa?

MalamBuba_Kumo:
Ita ce dai, sinadari ɗaya ne. Ta buhu a masana'anta ake haɗa ta, kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne. Ta jikinka hantarka ce ta haɗa.

Manomin_Dadinkowa:
Allahu Akbar. Shi ya sa inda Fulani suka kwana da shanu gona take kyau, ba kashin kaɗai ba ne ashe.

Dalibin_Kashere:
Sadiya, mu bar tarihi mu shiga ciki. Ina da jarrabawa kuma inda nake rikicewa shi ne siffar enzayim ɗin. Ta yaya abu ɗaya zai riƙe alanin da alfa-ketogulutaret lokaci guda? Gurbi biyu gare shi?

Sadiya_GSU:
Ba lokaci guda yake riƙe su ba, nan ne dabarar take. Na farko zai shiga, ya ajiye rukunin amino, ya fita. Sannan na biyu ya shiga gurbin nan dai, ya ɗauka, ya fita. Ka ɗauki ɗan dako a Tudun Hatsi: mota ta zo ya sauke buhu ya aza a kafaɗa, motar ta tashi, wata ta tsaya a wajen ya loda mata, ya koma hannu wofi yana jiran ta gaba. Motocin biyu ba sa haɗuwa.

Abin da yake riƙe rukunin a tsakani ba furotin ɗin kansa ba ne, wani ƙaramin mataimaki ne da ke zaune a gurbin aikin, PLP, wanda jiki yake yi daga bitamin B6. In enzayim yana hutawa, PLP ɗaure yake da wani amino asid mai suna laisin na jikin enzayim ɗin, a AST shi ne laisin na 258. Ɗaurin ana kiran sa ɗaurin Schiff. Da amino asid ya shigo sai ya ture laisin ɗin ya ɗaure da PLP a madadinsa. Laisin ɗin da aka saki ba zama yake ba, shi ne yake zare haidirojin daga kan kabon ɗin amino asid ya mai da shi wani waje a jikin PLP. Daga nan ruwa ya raba ɗaurin, keto asid, wato gangar da aka cire wa amino, ya fita, PLP ya zama PMP mai ɗauke da amino. Rabin aiki ke nan. Ɗayan rabin, matakan nan ne dai a juye.

Dr_Yelwa:
Ina gaishe ku daga Bauchi. Sadiya ta yi daidai, zan ƙara wa Dalibin_Kashere abin da masu jarrabawa suke so. AST shi ne aka fi sanin siffarsa a wannan dangi. A 1980 wani masani, Jansonius, da abokan aikinsa a birnin Basel suka fitar da siffar AST na maitokondiriyar zuciyar kaza, wato ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar da ƙarfi. Sarƙa biyu ne iri ɗaya manne da juna, kowace tana da amino asid 400 da 'yan kai. Kowace sarƙa tana da babban sashe da ƙarami, gurbin aiki kuma yana tsakaninsu, daf da inda sarƙoƙin biyu suka haɗu. To ka riƙe wannan: gurbi biyu ne a enzayim ɗin, amma kowane gurbi da gudummawar sarƙoƙin biyu aka gina shi. Asfatet yana da kai biyu masu cajin negatib, amino asid biyu masu suna arjinin masu cajin fozitib ne suke kama su, na 386 daga sarƙar da gurbin yake, na 292 daga maƙwabciyarta. Wannan na 292 shi ne babban dalilin da ya sa AST yake zaɓen asfatet da gulutamet ya bar sauran. In ka raba sarƙoƙin, aiki ya tsaya. Sannan idan abin aiki ya shiga, ƙaramin sashen yana juyawa kusan digiri 13 ya rufe gurbin, don a yi aikin ba tare da ruwan waje ya shiga ba.

Ni abin da yake ba ni mamaki har yau, furotin mai amino asid ɗari huɗu amma 'yan ƙalilan ne suke taɓa abin aikin. Sauran duk suna nan ne don su tsai da waɗannan 'yan ƙalilan a daidai inda ya kamata.

Dalibin_Kashere:
Allah ya saka da alheri Likita. ALT fa, siffarsa ɗaya?

Dr_Yelwa:
Dangi ɗaya ne, tsarin naɗi iri ɗaya, PLP a kan laisin, sarƙa biyu. ALT na ɗan Adam iri biyu ne, ALT1 mai amino asid 496 shi ne mafi yawan wanda ake aunawa a jini. AST ma biyu ne, ɗaya a ruwan ƙwayar halitta, ɗaya a cikin maitokondiriya.

Ummu_Khalifa:
Ku 'yan boko kun tafi kun bar mu. Ni inda na tsaya shi ne bitamin B6. Lokacin da mijin yayata yake shan maganin tarin tibi an haɗa masa da wata ƙaramar ƙwaya aka ce bitamin ce, shi kuma ya riƙa barin ta wai ba ita ce maganin ba. Daga baya ya fara kukan tafin ƙafarsa yana zafi yana masa kamar ana tsira allura. Ko da alaƙa?

Nas_Hauwa:
Hajiya da alaƙa ƙwarai. Cikin magungunan tibi akwai isoniyazid, yana kama bitamin B6 ya hana shi aiki, ya kuma sa a fitar da shi a fitsari. Ƙaramar ƙwayar nan piridoksin ce, wato B6, don kare jijiyoyi ake ba da ita, musamman ga masu juna biyu, masu shayarwa, masu ciwon suga, masu HIV da waɗanda ba sa samun abinci isasshe. Muna fama da wannan sosai, mutum ya ga ƙwaya ƙarama ya raina ta. Don Allah duk mai ɗan'uwa a kan maganin tibi ya tabbatar yana sha.

Dr_Yelwa:
Gaskiya ne Sista. PLP ɗin da Sadiya ta ambata ba na ALT da AST kaɗai ba ne, enzayim fiye da 100 suna dogara da shi. Cikinsu har da wanda yake mai da gulutamet zuwa GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya sha isoniyazid fiye da ƙima yake jijjiga, kuma allurar piridoksin ce maganinsa. Amma kada wani ya ji haka ya tafi kemis ya sayi B6 ya riƙa ɗura wa kansa. Yawansa na tsawon lokaci shi ma yana lalata jijiyoyi. Mai lafiya na wake, gyaɗa, ayaba, kifi, kaza da hanta ya ishe shi.

Alhaji_Bajoga:
Duk na ji bayananku amma ni ban yarda a raina maganin gargajiya ba. Akwai wanda na sani lambarsa ta haura 200, ya sha saiwa, da ya koma gwaji ta dawo ƙasa da 50. Wannan fa? Ido ba mudu ba amma ya san ƙima.

Dan_Lab:
Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Ka koma kan abin da na ce game da awa 47. Akwai ciwon hanta da yake zuwa ya wuce da kansa, irin nau'in A, ko raunin da wani magani ya jawo sannan aka daina shan sa. A nan ko ruwan randa mutum ya sha lamba za ta sauka. Nau'in B mai daɗewa kuma hawa da sauka ɗabi'arsa ce, wata ya yi sama, wata ya faɗo, ƙwayar cutar tana nan daram.

Alhaji_Bajoga:
To ai kai ma ba ka da tabbacin ba saiwar ce ta yi ba.

Dr_Yelwa:
Alhaji Allah ya ƙara girma, bari in faɗi abin da ya fi damuna a wannan batu. Saukar lamba ba kullum ba ne albishir. Hantar da ta riga ta ƙanƙance ta zama tabo, ƙwayoyin da suka rage ba su da yawa, abin da zai zubo ma kaɗan ne. Sai ka ga ALT lafiya lau a takarda, mutum kuma ciki ya kumbura, ido ya yi shawara. ALT yana gaya maka ana rauni yanzu, ba ya gaya maka hanta tana iya aikinta. Don sanin wannan albumin, furotin da hanta take ƙerawa, muke dubawa, da bilirubin, sinadarin da ke jawo shawara, da saurin daskarewar jini, da hoto. Ga mai nau'in B kuma a auna yawan ƙwayar cutar a jini. Akwai magunguna irin tenofobir da suke danne ta sosai. Mun sha karɓar mutanen da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba ne ya ƙarasa musu hantar, kuma da yawansu takardar da lambarta ta sauka ce ta sa suka daina zuwa asibiti.

Alhaji_Bajoga:
Na ji Likita. Amma ku ma ku sauƙaƙa kuɗin gwajin ƙwayar cutar nan, talaka ba ya iyawa, shi ya sa yake komawa wajen mai saiwa.

Nas_Hauwa:
Wannan kam gaskiyarka ce Alhaji. Abin da ke hannunmu kyauta shi ne rigakafi. Tun 2004 allurar ciwon hanta nau'in B take cikin rigakafin yara a Najeriya, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi. Masu haihuwa a gida su kai jariri, kada a jira sai bayan suna.

Dan_Toro:
Mu nan Bauchi AST ɗin nan da zazzaɓin Lassa muka san shi. Duk rani sai an yi fama a wajenmu. Me ya sa shi ake kallo ba ALT ba?

Dr_Yelwa:
Domin ALT kusan na hanta ne, AST kuwa yana hanta, yana zuciya, yana tsoka, yana ƙoda, har cikin jajayen ƙwayoyin jini. Lassa jiki duka take taɓawa, don haka AST yakan zarce ALT nesa, kuma binciken da aka yi a Saliyo a shekarun 1980 ya nuna in ya haura 150 haɗarin ya ƙaru. Kwatanta su biyun tsohuwar dabara ce, wani likitan Italiya, Fernando De Ritis, ya kawo ta a 1957. A ciwon hanta na bairos yawanci ALT ne a sama. A na giya AST yakan ninka ALT biyu, kuma ɗaya daga dalilan shi ne mashayi yana rasa B6, ALT kuma ya fi jin wannan rashin.

Dan_Lab:
In ƙara a kan jajayen ƙwayoyin jini: in an ja jini da ƙarfi ta siririyar allura ko aka jijjiga kwalbar suka fashe, AST zai hau ba tare da mutum yana da komai ba. Haka wanda ya yi aikin ƙarfi da bai saba ba, ko ya buga ƙwallo mai tsanani kafin gwaji. Ka gaya wa mai duba ka.

Yar_Billiri:
Sannunku da ƙoƙari. Ni mamata aka ce tana da ciwon hanta, sai 'yan'uwa suka hana ta nama, ƙwai, wake, har nono. Kunu da tuwo kawai. Ta rame sosai. Da na karanta abin da Sadiya ta rubuta kan amoniya sai na ce ko suna da gaskiya?

Dr_Yelwa:
Allah ya ba Mama lafiya. Da can haka ake yi, amma yanzu an bar wannan. Mai ciwon hanta yana buƙatar furotin, wani lokaci ma fiye da mai lafiya. In an hana shi, jiki zai koma cin tsokarsa, naitirojin ɗin dai zai fito, kuma tsokar da aka cinye ita ce take taimaka wa hanta wajen kwashe amoniya. In ruɗewa ta zo akwai maganin da ake bayarwa, irin laktulos. Ki kai ta wajen likitanta ku yi maganar abinci musamman, kada ku tsaya kan shawarar gida.

MalamBuba_Kumo:
Kuma tuwo kaɗai ba zai riƙe ta ba, ga dalili daga darasinmu. Musayar nan tana tafiya gaba da baya, don haka jiki yana iya ƙera wasu amino asid da kansa: ya ɗauki firubet daga sukari ya ɗora masa amino ya zama alanin. Amma akwai 9 da ba ya iya ƙera gangarsu, dole a ci. Laisin yana cikinsu, kuma masara da dawa da gero ba su da shi sosai. Wake yana da shi. Iyayenmu da suke haɗa hatsi da wake, ko su sa daddawa a miya, ko fura da nono, sun cike giɓin tun ba a san sunan laisin ba. Mu da Allah ya hore wa wake a Gombe bai kamata yaro ya yi kwashoko a cikinmu ba.

Dalibin_Kashere:
Malam, laisin ɗin ma an ce ba ya shiga wannan musayar ko?

MalamBuba_Kumo:
Shi da tiriyonin, haka littattafai suke koyarwa. Hanyar rushe su daban ce.

Baban_Walida:
Allah ya saka wa kowa. Na gane ba dafi ba ne. Saura ɗaya: tun da a hanta yake aiki, ni mai lafiya yaushe nake amfana da shi? Kullum, ko sai na ci nama?

Sadiya_GSU:
Kullum Baba, amma ya fi bayyana in kana azumi. Ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini suna buƙatar sukari ba fashi. Hanta tana da ajiyar sukari da ba ta wuce ta kusan yini guda, tun kafin ta ƙare take fara ƙera sabo. A tsoka, ALT yana ɗora amino a kan firubet ya zama alanin, jini ya kai shi hanta. A hanta ALT ya juya aikin: firubet ya tafi a yi sukari da shi, naitirojin ya tafi a yi yuriya. Sukarin ya koma jini. Tafiya ɗaya an kai wa hanta kayan yin sukari, an kuma raba tsoka da naitirojin ba tare da amoniya ta yi yawo a jini ba. Ana kiran sa zagayen gulukos da alanin, Felig da Cahill ne suka yi fice a bincikensa wajen 1970. Da la'asar sakaliya a watan Ramadan wannan aiki yana gudana a jikinka.

DanPantami:
Ke nan azumi yana cinye tsoka?

Dr_Yelwa:
Na yini ɗaya da ake buɗa baki a yi sahur, abin da ya tafi yana dawowa in an ci abinci mai kyau. Yunwa mai tsawo ce take cinye tsoka.

Ummu_Khalifa:
Na ɗauko tawa takardar da aka yi min wajen awon ciki, tun da ina da nau'in B. An rubuta ALT 34, a gefe an sa iyaka 40. Lafiya ke nan ko?

Dan_Lab:
A ma'aunin ɗakin gwajin da ya yi miki, yana cikin iyaka Hajiya. Kowane waje da nasa ma'auni, ya danganta da hanyar da suke bi. Wasu har yanzu suna amfani da hanyar launi ta Reitman da Frankel ta 1957, wasu na'ura mai bin raguwar wani sinadari mai suna NADH. Wasu suna ƙara PLP a cikin ruwan gwajin don duk enzayim ɗin da ke jinin ya yi aiki, wasu ba sa ƙarawa, kuma lambar takan bambanta. Shi ya sa ake so mutum ya riƙa maimaitawa a waje ɗaya.

Dr_Yelwa:
A nan zan saɓa wa ɗan'uwana Dan_Lab kaɗan. Ga mai nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya iyakar da take amfani da ita 30 ce ga maza, 19 ga mata. Da wannan ma'auni 34 ga mace ya haura. Ba abin tashin hankali ba ne Hajiya, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma tun da kina da ciki akwai buƙatar a auna yawan ƙwayar cutar, domin in ta yi yawa ana ba uwa magani a watannin ƙarshe don kare jariri.

Dan_Lab:
Na yarda da batun auna ƙwayar cutar ɗari bisa ɗari. Amma Likita, 19 ɗin nan in muka ɗora ta a kan kowace na'ura da kowace hanya ba tare da an daidaita su ba, mata da yawa masu lafiya za mu tsorata.

Dr_Yelwa:
Shi ya sa na ce ga mai nau'in B, ba ga kowa ba. Daidaita na'urori kuma aikinku ne, mu abin da kuka rubuto muke karantawa.

Alhaji_Bajoga:
Kun ga ku ma ba ku daidaita ba.

Nas_Hauwa:
Hajiya Ummu_Khalifa, ranar awonki na gaba ki tafi da takardar ki nuna wa ungozoma, ki ce a rubuta a katinki cewa jariri zai karɓi allurar farko ranar haihuwa. Wata nawa ne cikin yanzu?

Ummu_Khalifa:
Ya shiga na shida Sista.

Nas_Hauwa:
To kada ki jira ranar awo, ki je cikin makon nan.